Ga Masu Yi Wa Yaƙi Tafi Daga Nesa

Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da sojojin Rasha suka tsallaka iyakar Yukren, wata ɗabi'a ta shigo mana wadda ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su dube ta da idon basira. A fadojin matasa, da ɗakunan malamai, da shirye-shiryen rediyo inda masu saurare ke buga waya, an mai da yaƙin nan tamkar kokawar takobi: kowa ya zaɓi gwaninsa, yana yi masa kirari, yana jiran ranar da zai kai abokin karawarsa ƙasa. In aka ba da labarin an ruguza gari, sai ka ji ana shewa. In kuwa aka ce wakilai sun zauna a Santambul ko a Jidda domin neman tsagaita wuta, sai a yi tsaki, wasu su ce ragwanci ne, wasu su ce wata sabuwar yaudarar Turawa ce.

Masu wannan tsaki iri biyu ne, kuma da dukansu nake jayayya. Na farko su ne masu cewa a bar Rasha ta gama aikinta, duk abin da ta ci da ƙarfi ya zama halaliyarta. Na biyu, waɗanda suka fi ƙaranci a wajenmu, su ne masu cewa kada a ajiye bindiga sai an ƙwato kowane taƙi na ƙasar Yukren, ko da hakan zai ci shekara goma. Ra'ayoyin nan biyu kamar hannun riga suke, amma uwarsu ɗaya: masu su ba su ɗauka akwai wani matsayi tsakanin cin nasara da miƙa wuya ba. Alhali kuwa mu mutanen iyaka, daga Ɗan Barto zuwa Matameye da Kance, mun fi kowa rashin uzuri a kan wannan jahilci, domin a wannan matsayi na tsakani muka tsira da rayukanmu a daminar 2023.

Abin da ya kusa faruwa a ƙofar gidanmu

Bari mu tuna wa juna, tun da ɗan Adam mai saurin mantuwa ne. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga watan shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka ƙaƙaba takunkumi, suka ba da wa'adin mako ɗaya, in ba a mai da shugaban kan kujerarsa ba a yi amfani da ƙarfi. Washegari Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umurnin shirya rundunar ko-ta-kwana, bayan mako guda kuma hafsoshin sojan ƙungiyar suka taru a Akara, aka fito aka shaida wa duniya cewa har an tsai da ranar farmaki.

Duk wanda ya san taswira ya san ta inda wannan runduna za ta biyo. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, manyan ƙofofinta kuwa sanannu ne: Illela zuwa Ƙonni, Jibiya zuwa Ɗan Isa, Kwangwalam zuwa Ɗan Barto. Da an tashi, gonakin gero da fadamun rake na wannan yanki ne za su zama filin daga, kuma sojan da zai harba daga kudu da wanda zai mai da martani daga arewa ba mamaki su tarar kakarsu ɗaya. Ko ba a harba harsashi ba mun ɗanɗana. Manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin shinge har kayan ciki suka ruɓe, farashin shinkafa da magani ya yi tashin gwauron zabo, mai zuwa gaisuwar mutuwa Mai'aduwa ko Daura sai ya bi ta daji a kan babur kamar ɓarawo. Kusan wata takwas aka yi a haka.

To, me ya hana yaƙin? Ba wanda ya kayar da wani. Mutane ne suka yi ta safa da marwa, ana wulaƙanta su suna komawa. Ranar 3 ga Agusta tawagar Janar Abdulsalami Abubakar, wadda Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ke ciki, ta sauka Yamai ta juya ba ta ga Janar Tiani ba. Da su masu zuciya ne irin ta ƴan kallonmu, da sun ce an ci mutuncinsu, magana ta ƙare. Ranar 5 ga watan majalisar dattawan Najeriya ta nuna rashin amincewa da ɗaukar makami, sanatocin Arewa suna tuna wa gwamnatinsu cewa jihohi bakwai ne ke maƙwabtaka da mu. Ranar 9 Muhammadu Sanusi na biyu ya samu ganin Tiani, tare da Sarkin Damagaram. Ranar 12 malaman addini na Najeriya ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka zauna da shi na tsawon sa'o'i. Ranar 19 Abdulsalami ya koma, a wannan karon ya ga Tiani, ya kuma ga Bazoum. Daga baya Aljeriya ta kawo nata tayin, Togo ta shiga tsakani, tsohon shugaba Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CEDEAO a 1975, ya rubuta wasiƙar roƙo a Fabrairun 2024. Ranar 24 ga Fabrairu aka janye takunkumi, Najeriya ta buɗe nata gefen ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ranar 22.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya: ba a warware asalin rigimar ba. CEDEAO ba ta samu abin da ta nema ba, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Zargi bai ƙare tsakanin Yamai da Abuja ba, har ya sake tashi da zafi a Disambar 2024, kafin ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya zo Yamai a Afrilun 2025 aka sake zama. Ba ƙauna ce ta dawo ba, ba a kuma yarda da juna ba. An dai yarda kada a yi harbi, aka bar sauran magana ga lokaci. Wannan ɗan abu da ake rainawa shi ya sa yau yaranmu ke aji maimakon sansanin gudun hijira.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

A matsayina na mai koyar da Faransanci da Hausa, ina ganin rabin ruɗanin nan daga harshe ya taso. Bafaranshe ya bambanta cessez-le-feu da armistice, ya bambanta su da traité de paix, dukansu kuma ya raba su da capitulation. Hausa ba ta gaza ba. Muna da tsagaita wuta, wato a daina harbi kowa na inda yake. Muna da yarjejeniyar ajiye makamai, wadda ake rubutawa da sharuɗɗa da masu sa ido. Muna da sulhu, wanda ke kashe asalin gaba. Muna da miƙa wuya, wanda shi ne na wanda aka fi ƙarfi. Amma a bakin masu sharhi na rediyo da na wayar salula duk an dama su a ƙwarya ɗaya, har mai saurare ya ɗauka duk wanda ya yarda a daina harbi ya yarda an cinye shi ke nan, ya kuma sallama ƙasarsa.

Tun da dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, nauyin tsare ma'anar kalmominta ya ƙaru a kanmu. Harshen da za a yi mulki da shi dole ya iya rarrabe abin da jakadu ke rarrabewa. Yaƙin Koriya ya tsaya ranar 27 ga Yulin 1953 bayan shekara biyu ana tattaunawa ana harbi, kuma ba a taɓa sa hannu kan sulhu tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu ba, kowace na iƙirarin ita ce halattacciya. Duk da haka fiye da shekara 70 ke nan babban yaƙi bai dawo ba. Iran da Iraƙi sun yi shekara takwas suna kashe juna, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙuduri mai lamba 598 a Yulin 1987, aka yi ta jan ƙafa har Agustan 1988 kafin bindiga ta yi shiru, kuma iyaka tana nan inda take tun farko. Dubban da suka mutu a wannan shekara ɗaya ta jan ƙafa, wa zai faɗa wa iyayensu abin da suka mutu a kai?

Kakanninmu sun san wannan

Masu cewa neman tsagaita wuta al'adar Turawa ce ba su karanta tarihin gidansu ba. Kano da Katsina sun yi zamani mai tsawo suna gwabzawa a kan hanyoyin fatauci, har sai a tsakiyar ƙarni na 17, zamanin Sarkin Kano Shekarau, malamai suka shiga tsakani suka ƙulla amana, kamar yadda tarihin sarakunan Kano ya kawo. Abin da Bala Lau da abokan tafiyarsa suka yi a 2023 gadon waɗannan malamai ne.

A yamma kuma, Kabawan Argungu da daular Sakkwato da Gwandu sun daɗe suna zub da jinin juna. A shekarun 1860, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, aka yi yarjejeniyar da har yau ake kira Lafiyar Toga, inda aka yarda kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Ta ɗauki kimanin shekara takwas kafin ta warware, aka koma gidan jiya, cikakken sulhu bai samu ba sai a 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da bikin kamun kifi na garin ya samo asali daga gare ta. Wani zai ce, ai ga shi nan ta warware. Gaskiya ne, kuma akwai darasi a ciki da zan dawo kansa. Amma a tambayi manomin da ya yi damina takwas yana shuka yana girbi ba fargabar hari, ko shekarun nan banza ne a wurinsa.

Misalin inda aka rasa masu shiga tsakani kuwa a kan hanyarmu ya faru. A ƙarshen shekarun 1890 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga da Sarkin Kano Alu suka yi ta karawa, rundunoni na ratsa wannan ƙasa da ke tsakanin biranen biyu, ana kama talakawa ana sayarwa. Suna cikin haka Faransawa suka ci Damagaram a Yulin 1899, Ingilishi suka ci Kano a Fabrairun 1903. Iyakar da muke zaune a bakinta yau, Turawan nan biyu ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, suka kafa mata alamu. Sarakunan da suka kasa zama da juna, wasu ne suka zauna a Landan da Faris suka raba musu ƙasa.

Inda maganar Yukren ta tsaya

Yanzu mu ɗauki wannan ma'auni mu auna yaƙin da muke yi wa tafi. Rasha na riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Yukren, har da Kirimiya da ta haɗe tun Maris 2014. A Satumbar 2022 ta ayyana jihohi huɗu, Donetsk da Luhansk da Zaporijiya da Kerson, a matsayin nata, alhali ba ta mallake su duka ba. An gwada zama tun a Maris 2022 a Santambul, ya watse. A Yunin 2023 shugabannin Afirka, cikinsu har da Cyril Ramaphosa da Macky Sall, suka je Kiyef da San Fitasbag da shawarwari goma, aka saurare su cikin ladabi aka sallame su. A Yunin 2024 aka yi babban taro a Suwizalan ba tare da Rasha ba, wanda ya yi kama da ɗaurin aure ba wakilin ango. Ranar 11 ga Maris 2025 a Jidda, Yukren ta amince da tayin Amurka na tsagaita wuta na kwana 30, Rasha ta gindaya sharuɗɗa. Ranar 15 ga Agustan 2025 Trump da Putin suka gana a Alaska, aka tashi ba a tsai da harbi ba. A Nuwambar shekarar aka fito da wani daftari mai sharaɗi 28, aka yi ta yi masa kwaskwarima, a farkon 2026 kuma wakilan ƙasashen uku suka zauna a Abu Dabi.

Duk cikin wannan kai da kawo, saɓanin guda ne, kuma shi ne wanda kalmominmu huɗu suka fayyace. Yukren da ƙasashen Turai sun ce a fara tsagaita wuta a kan layin da sojoji suke, sannan a tattauna. Rasha ta ce a fara warware komai, Yukren ta janye daga sauran jihar Donetsk da ke hannunta, ta yafe shiga ƙungiyar OTAN, sannan a daina harbi. Wato ɗaya na neman tsagaita wuta, ɗaya na neman a haɗa masa ita da wani yanki na miƙa wuya. A nan ba zan ɓoye matsayina ba: wanda ya ce a daina kisa tukuna ya fi kusa da gaskiya, ko wane ne shi. Da a 2023 an ce ba za a janye barazanar farmaki ba sai an gama warware maganar mulki a Yamai, da yanzu wani labari ake yi.

Kuma kada a ce zaman bai haifar da komai ba. Yarjejeniyar fitar da hatsi ta tekun Bahar Aswad, wadda Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla a Yulin 2022, ta fitar da kusan tan miliyan 33 kafin Rasha ta fice daga cikinta a Yulin 2023. Zaman Santambul na 16 ga Mayun 2025 ya sa kowane ɓangare ya saki fursuna 1,000. Daular Larabawa ta sha shiga tsakani a musayar fursunoni, Katar ta taimaka aka mai da wasu yara ga danginsu. Masu tsaki na ganin waɗannan ƙananan abubuwa ne. Uwar da ɗanta ya dawo ba ta gan su ƙanana ba, kuma ta irin waɗannan ƙananan ƙofofi ne ake gane ko abokin gaba na cika alkawari.

Amma ga darasin Lafiyar Toga: amanar da ba mai tsaronta ba ta daɗewa. Mutanen Yukren na da dalilin ɗari-ɗari. A Disambar 1994 a Budafes sun amince su ba da makaman nukiliyar da suka gada, Rasha da Amurka da Birtaniya suka yi alkawarin mutunta iyakokinsu. An yi yarjejeniyar tsagaita wuta a Minsk a Satumbar 2014, aka sake a Fabrairun 2015, duk da haka kimanin mutum 14,000 suka mutu a gabashin ƙasar kafin babban yaƙin ya zo. Saboda haka mai neman a daina harbi da gaske dole ya amsa tambayoyin da ba su da daɗin kirari: wa zai tsaya a kan layi ya sa ido, wa zai faɗi wanda ya fara saɓawa, me zai samu wanda ya saɓa? Muddin ba a amsa su ba, ko an sa hannu hutun sake ɗura harsashi ne kawai. A kan waɗannan tambayoyi, da kan maganar Donetsk, makomar tattaunawar ta rataya, kuma ban ga alamar za a warware su da ganawa ɗaya ta manyan shugabanni ba. Aiki ne na masu haƙuri irin na waɗanda aka juya daga filin jirgin Yamai suka sake dawowa.

Ga masu kafa hujja da Libiya

Na san amsar da ke bakin abokan jayayyata, domin kullum ita ce. Za su ce: ina Turawan nan suke lokacin da aka afka wa Iraƙi a 2003 bisa ƙarya? Wa ya rusa Libiya a 2011, makamanta suka malalo Sahel, har yau muna binne ƴaƴanmu? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba Banijare da zai musa ta. Amma ina take kai mu? In laifi ne babba ya afka wa ƙarami a Bagadaza da Tarabulus, laifi ne a Kiyef. Wanda ya la'anci na farko ya tafa wa na biyu bai ƙi zalunci ba, azzalumin ne kawai bai yi masa ba. Gwamnati na da ikon zaɓen abokan hulɗarta, Nijar ta karɓi masu horarwa na Rasha a Afrilun 2024, ta yanke hulɗa da Yukren a Agustan shekarar, wannan lissafin masu mulki ne. Ni da malamai nake magana, kuma aikin malami shi ne ya koya wa yaro ƙa'idar da za ta kare shi ko da abokai sun canza.

Ƙa'idar kuwa ita ce ba a sauya iyaka da bakin bindiga. Shugabannin Afirka sun amince da ita a taron OUA na Alƙahira a 1964, ba don suna son layukan da Turawa suka zana ba, sai don sun hango abin da zai biyo baya in kowa ya tashi neman danginsa da ƙarfi. Jakadan Kenya a Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Martin Kimani, ya tuna wa duniya wannan a Fabrairun 2022. Mu a nan mun fi shi sanin zancen. Hujjar da aka kafa a Kirimiya da Donbas, cewa mutanen wurin harshenmu suke ji, saboda haka ƙasarsu tamu ce, in aka karɓe ta, me zai hana wani mai ƙarfi gobe ya ce Maraɗi da Damagaram Hausa suke ji? Ƙasa mai faɗin kilomita murabba'i 1,267,000, mai maƙwabta bakwai, mai yuraniyom da man fetur a ƙarƙashinta, ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta yi murna in aka ce ƙarfi ya zama hujja. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin alfahari shi ne ƙasarmu ta riga ta nuna hanya. Rigimar tsibirin Lete ta kusa haɗa mu yaƙi da Dahome a ƙarshen 1963, aka kwantar da ita, aka yi shekara arba'in ana haƙuri, sannan aka kai ta Kotun Duniya. Ranar 12 ga Yulin 2005 kotu ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9, kowa ya karɓa. Haka aka yi da Burkina Faso a Afrilun 2013. Maƙwabtanmu Cadi da Libiya kuwa sai da suka zub da jini a kan zirin Awuzu, amma a dubi yadda suka fita: tsagaita wuta a Satumbar 1987 ta hannun OUA, alhali sojojin Libiya na cikin zirin, mai da hulɗar jakadanci a 1988, hukuncin kotu a Fabrairun 1994 wanda ya ba Cadi gaskiya, janyewar Libiya a Mayun shekarar, a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Cadi ta daina harbi ba tare da ta sa hannu cewa ƙasar ba tata ba ce, ta jira kusan shekara bakwai, ta samu abinta. Wannan ita ce amsata ga rukunin biyu gaba ɗaya. Ana iya ajiye bindiga a riƙe hujja.

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce, mu da ba mu da kujera a teburin, me ruwanmu? Ruwanmu ya bayyana a 2022, lokacin da kuɗin takin zamani da na fulawa suka haura, mai lambu a fadamar Matameye da mai gasa burodi a Damagaram suka biya kuɗin yaƙin da ba su san mafarinsa ba. Ya kuma bayyana ta wata fuska mai ban tsoro: a Nuwambar 2025 ministan harkokin wajen Yukren ya ce fiye da ƴan Afirka 1,400 daga ƙasashe 36 na yaƙi a cikin rundunar Rasha, ƙasashe irin su Kenya da Afirka ta Kudu kuma sun tabbatar an yaudari wasu ƴaƴansu da sunan aiki. Saurayin da ya tashi yana jin malaminsa na yi wa yaƙin nan kirari, ranar da dillali ya zo masa da takardar tafiya, da wane baki za mu hana shi?

Saboda haka ina kira ga ƴan'uwana malamai, na lise da na kwaleji da na makarantun allo, mu shigar da tarihin masu sulhu cikin darasi kamar yadda muka shigar da na mayaƙa. Ɗalibinmu ya san Kuran Daga da Sarauniya Mangu, amma bai taɓa jin Lafiyar Toga ba, bai san yadda aka samo Lete ba. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa su ba matasa wannan jigo, su gayyato takwarorinsu na Daura da Katsina da Kano, tun da harshe ɗaya muke yi wa hidima. Masu magana a rediyo kuma su ji tsoron Allah su kira kowane abu da sunansa, kada su ce an miƙa wuya inda aka tsagaita wuta. Ba mu da ikon tsai da yaƙin Yukren, amma muna da ikon hana yaranmu koyon cewa mai neman sulhu rago ne, domin wata rana su za a aika Abuja ko Kwatano, ko su za su karɓi manzo a Yamai.

Magabata sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya kashe wutar da ke ci a can, ya tsare mana iyakarmu a buɗe, ya saka wa waɗanda suka yi zirga-zirga dominmu da alheri.